Kyaftin Glover, Baturen da ya fara ɗaukar Hausawa aikin ɗan sanda

A filinmu na tarihi na yau za mu waiwayi rayuwar wani Baturen Ingila wanda da wuya a sami mutum goma a kasuwar Aboabo ko ta Bawku da suka san sunansa, alhali kuwa duk ɗan sandan da ya tsayar da motar kayanmu tsakanin Tamale da Paga, aikin da yake yi yana da jijiya a hannun wannan mutumin. Sunansa Kyaftin John Hawley Glover, amma mutanen Ikko suka mayar da shi Goloba, mu ma da haka za mu riƙa kiransa. Mun zaɓe shi ne domin matasanmu na Changli da Zango da Sabonjida masu sha'awar sa kaki, da iyayensu masu tambayar sharuɗɗan shiga da abin da ake samu, su ji yadda aka faro al'amarin, da irin mutanen da aka fara ɗauka.

Shi dai Goloba an haife shi ne ranar 24 ga Fabrairu, 1829 a garin Yateley da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Yana ɗan shekara 12, wato a 1841, aka sa shi aikin sojan ruwa, inda ya ƙware wajen auna zurfin ruwa da zana taswirar gaɓar teku da koguna. Ya halarci yaƙin da Ingila ta yi da ƙasar Bama, har aka ji masa mummunan rauni a 1853.

Wannan ƙwarewa ta zana taswira ita ta kawo shi ƙasashenmu. A 1857 aka haɗa shi da ayarin Dokta William Baikie, wanda aka aiko ya bi Kogin Kwara ya buɗe hanyar ciniki da ƙasar Nufe da ta Hausa. Cikin ayarin har da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Jirginsu mai suna Dayspring ya ci karo da dutse kusa da Jebba a watan Oktoba na wannan shekara, ya nutse, suka tsira da rayukansu da ɗan abin da suka iya kwashewa. Sai da suka yi kusan shekara guda a bakin kogin kafin wani jirgi ya zo. Bayan wannan hatsari ne Goloba ya riƙa ratsa ƙasa tsakanin Kwara da Ikko ta hanyar Ilori, yana neman kayan masarufi da wasiƙu, kuma a nan ne ya san Hausawa.

To, su waɗanne Hausawa ne a Ikko a wancan zamani? Akwai fatake, amma mafi yawansu bayi ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo, sun sa an kama dubban mutane daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno da Nufe, ana sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku. Waɗansu aka loda su a jirgi zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, waɗansu kuma suka tsaya a gidajen attajiran Ikko da Abekuta suna noma, suna kiwon dawaki, suna dako. Da suka ji labarin akwai Baturen da ke neman masu raka shi arewa, sai waɗansu suka gudu daga iyayengijinsu suka bi shi, da fatan ko Allah Ya sa su sake ganin gida. Masu bayin ba su ji daɗi ba, har suka nemi tare masa hanya, su kuwa gudaddun suka tsaya tare da shi tsayin daka, domin sun san abin da ke jiransu idan aka mayar da su. Goloba bai manta da wannan ba.

Ranar 6 ga Agusta, 1861 Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu, a 1863 kuma aka danƙa wa Goloba riƙon garin. Ya tarar da mulki ba ƙarfi. Sojan da gwamnati ke dogara da su baƙaƙen fata ne da ake kawowa daga tsibiran Karebiyan, ga tsada, ga shi ba su san ƙasa ba. Turawa kuwa zazzaɓi ke kashe su. Sai ya tuna da mutanensa na hanyar Jebba, ya tara su, ya ba su bindiga, ya koya musu fareti. Tarihin rundunar sojan Nijeriya yana lissafa mutum 18 ne aka fara da su. Cikin 'yan shekaru suka kai ɗaruruwa, ana kiransu Hausawan Goloba, a takardun gwamnati kuma 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makamai. Aikinsu biyu ne a haɗe, su yi gadi da kamun masu laifi a cikin gari, in yaƙi ya tashi kuma su fita daji.

Yanzu bari mu tsaya a kan sharuɗɗan ɗauka, tunda su ne maƙasudin wannan rubutu. Ba a tambayar takardar makaranta, domin ba a bukatar kurtu ya iya karatun boko. Ba a tambayar takardar haihuwa, ana duban jiki ne kawai, a ga mutum yana da ƙarfi da lafiya, zai iya ɗaukar bindiga ya yi doguwar tafiya. Ba a tambayar ko ɗa ne ko bawa. Babban sharaɗin da ba a rubuta shi a takarda ba shi ne mutum ya kasance baƙo. Ana son wanda ba shi da uwa ba shi da uba a garin, ba suruki, ba sarkin da zai ji wa kunya, yadda idan aka ce ya kama wane zai kama, idan aka ce ya yi harbi zai yi. Bawan da ya gudu ya cika wannan sharaɗi fiye da kowa, domin ba shi da wata mafaka sai bariki, kuma yana da tsohon haushin masu gari a zuciyarsa. Turawa sun ƙara da cewa Hausawa Musulmi ne, ba su cika shan giya ba, kuma jarumai ne tun asali. Wannan yabo mun sha jin ana maimaita shi da alfahari a zangunanmu, amma ya kamata mai karatu ya lura cewa bukata ce ta haifi yabon.

Ta fuskar lada kuwa, abu na farko da kurtu ke samu shi ne 'yanci, domin wanda ya sa kakin gwamnati ubangijinsa ba ya da ikon zuwa ya janye shi. Sai tufafi da jar dara da wurin kwana. Albashin ƙaramin ɗan sanda a rundunonin Hausa na bakin teku a ƙarshen wancan ƙarni kimanin sule ɗaya ne a rana, wato wajen fam ɗaya da sule goma a wata. Ga ɗan kasuwa na yau wannan ba ya kama da kuɗi, amma a lokacin da yawancin ciniki da wuri ake yinsa, mutumin da jiya shi kansa haja ne a kasuwa, yau ga shi da tsabar azurfa duk wata, ba ƙaramin abu ba ne. Da shi waɗansu suka yi aure, suka kama sana'a, bayan sun bar aiki kuma suka zauna suka zama masu gida a zanguna. Sai dai akwai ɗaya gefen. Bulala tana cikin hukuncin bariki, kuma komai jaruntakar mutum da daɗewarsa, akwai matsayin da ba ya wucewa, manyan muƙamai na Turawa ne. Shi ya sa gudu daga aiki bai taɓa yankewa ba.

Mutanen Ikko ba su ƙaunaci wannan runduna ba, har suka laƙaba musu sunan ɓarayi arba'in na Goloba, saboda zargin ƙwace da cin zali. Ba za mu ce duk zargin ƙarya ne ba. Wanda aka ɗauka aiki domin ba ya jin kunyar kowa, ba abin mamaki ba ne idan ya ƙi jin kunyar mai tallar kifi. Shi kuwa Goloba yana kare su ko'ina, yana sauraron kokensu da kansa, har ta kai ana ce masa uban Hausawa. A 1865 ya gwada su a fagen fama, lokacin da Egbawa na Abekuta suka yi wa garin Ikorodu ƙawanya suka toshe hanyar ciniki. Ya fita da su tare da sojan Karebiyan, suka tarwatsa sansanin Egbawa da harsashi da rokoki, aka kashe mutane da yawa.

Mulkinsa a Ikko ya kai har 1872. Ya gyara tituna, ya sa fitilu, ya kuma yanka wa Kiristocin da suka baro Abekuta a 1867 filaye a Ebute Metta. Amma rigimarsa da Egbawa da Ijabu a kan hanyoyin fatauci ba ta ƙare ba, yau su rufe hanya, gobe shi ya hana kaya fita, 'yan kasuwa na tsakiya suna asara, abin da duk wanda ya taɓa kwana da kaya a bakin iyaka ya san zafinsa. Da aka naɗa John Pope Hennessy babban gwamnan yankunan Ingila na Afirka ta Yamma, sai ya soke yawancin manufofinsa. Goloba ya tafi gida hutu a 1872, bai sake komawa kujerar ba.

Shekara ɗaya bayan haka sai ga abin da ya haɗa shi da ƙasarmu. A 1873 rundunar Tonawa, a zamanin Sarki Kofi Karikari, ta ƙetare Kogin Pra ta gangaro bakin teku. Ingila ta naɗa Janar Garnet Wolseley ya tafi Kumasi kai tsaye daga Cape Coast. Goloba kuwa ya miƙa kansa, aka ba shi izinin ya tara runduna a gabas, ya bi ta wajen Kogin Bolta ya ɓullo wa Tonawa ta baya. Ya iso a watan Satumba, ya kafa sansani a Ada, bakin kogin, Hausawansa na Ikko suka zo suka same shi.

Da ya ga ba su isa ba, sai ya buɗe ɗaukar kurata a Ankara, kuma ya bi hanyar da ya sani. Akwai bayi 'yan arewa da yawa a gidajen mutanen garin, waɗanda aka gangaro da su ta Salaga. Da suka ji ana ɗauka sai suka fara tururuwa, iyayengijinsu suka tashi haiƙan, waɗansu har suka sa wa bayinsu mari don kada su fita, gari ya rikice. A ƙarshe aka koma biyan ubangijin bawa fam 5 kafin a rubuta sunan bawan, abin da ya jawo surutu a Ingila cewa jami'in gwamnatin da ke yaƙi da cinikin bayi ya koma sayen bayi. Da yawa daga cikin waɗannan sababbin kurata ba Hausawa ba ne, amma da sun sa jar dara sai a rubuta su Hausa.

Tafiyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Sarakunan bakin teku da ya raba wa bindigogi da kuɗi sun fi son a fara yaƙar maƙwabtansu na Anlo, aka ɓata watanni a kan haka. Da umarni ya matsa, sai ya bar su ya ƙetare Pra ranar 15 ga Janairu, 1874 da Hausawa da Yarabawa da ba su kai dubu ba. A faɗan da aka yi a garin Abogu aka harbi wani samanjan Hausa mai suna Braimah Doctor. Kyaftin Reginald Sartorius ya kutsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko shi, amma raunin ya yi ajalinsa. An ba Sartorius lambar Victoria Cross, wadda ta fi kowace daraja a sojan Ingila, kuma albarkacin takardar wannan lamba ne sunan Braimah ya iso gare mu. Sauran 'yan'uwansa da suka faɗi a wannan daji adadinsu kawai aka rubuta.

Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa mata wuta, ya juya da sauri saboda damina da rashin lafiyar sojansa. Goloba ya iso ranar 12 ga wata ya tarar da toka, bayan Sartorius ya riga shi ratsa garin da Hausawa 20 kacal. Duk da haka zuwansa bai zama banza ba, domin jin cewa ga wata runduna ta biyu ta ɓullo daga gabas yana cikin abin da ya sa Sarkin Tonawa ya gaggauta aika manzanni aka yi sulhun Fomena. Majalisun Ingila biyu suka yi masa godiya, aka ba shi babbar lambar girma da laƙabin Sir.

Mu 'yan kasuwa wannan yaƙi ya taɓa mu ta wata fuskar. Da ƙarfin Kumasi ya karye, Salaga da ƙasar Gwanja suka yi wa Tonawa tawaye, su kuma suka hana goro zuwa can. Kasuwar da ayarin Kano da Sakkwato suka yi shekara da shekaru suna nufa ta fara ja da baya, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, daga baya kuma goro ya riƙa bin jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Shi kuwa Goloba daga nan ya yi sallama da Afirka. A 1876 aka naɗa shi gwamnan Newfoundland, tsibiri mai tsananin sanyi wanda yanzu yake cikin Kanada, a shekarar kuma ya yi aure. A 1881 aka mayar da shi tsibiran Leeward na Karebiyan, daga baya aka sake komar da shi Newfoundland, inda har yau akwai gari mai suna Glovertown. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba, 1885 yana da shekara 56. Mutanen Ikko suka tara kuɗi suka gina babban zauren taro da sunansa, matarsa kuma ta wallafa tarihin rayuwarsa a 1897.

Tsarin da ya bari ya fi shi tsawon rai. Hausawan da suka zauna bayan yaƙin su suka zama ƙashin bayan rundunar tsaro ta Golkos, wato Ghana ta yau. Da yake ainihin Hausawa ba su isa ba, sai aka riƙa aika jami'ai har Salaga neman kurata, ana kuma ba wanda ya kawo mutum la'adarsa, kamar dai dillalin shanu. Mosawa da Gurunsawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Barebari duk suka shiga, sau da yawa a rubuta sunan ƙabilar mutum a matsayin sunan mahaifinsa. Haka aka sami Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya yi harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914. Hausa ta zama harshen bariki, shi ya sa taken rundunar ya zama Kullum Shiri.

A 1894 aka yi dokar da ta kafa 'yan sandan farar hula dabam, a 1901 kuma tsohuwar rundunar ta koma soja zalla. Cikin 'yan sandan sai aka yi aji biyu. Akwai masu karatu, yawancinsu 'yan kudu, su ke riƙe da alƙalami da littafin caji ofis. Akwai kuma 'yan rakiya, yawancinsu 'yan arewa da tsofaffin soja, masu raka zinariya da kuɗin gwamnati, su ake turawa idan za a watsa taro, har jama'a suka sa musu suna buga-buga. A nan arewa, shekarar 1907 da aka dawo da hedkwata daga Gambaga zuwa Tamale, aka kafa wa yankin rundunar 'yan sandansa ta kansa, wadda ta yi aiki har 1929 kafin a haɗe ta da ta kudu. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa suka shigo garin nan.

Daga baya al'amarin ya juye gaba ɗaya. A 1952 aka ɗauki mata 12 na farko, a 1958 E.R.T. Madjitey ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci 'yan sanda, a 1969 kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta sa kalmar baƙo ta zama abin tsoro a kowane zango. A yau sharaɗi na farko a sanarwar ɗaukar 'yan sandan Ghana shi ne mutum ya kasance ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Sai shekaru daga 18 zuwa iyakar da sanarwar ta faɗa, da sakamakon jarrabawar gama sakandare, da rashin tarihin aikata laifi, da lafiyar jiki, da tsawo, wanda aka saba sa shi santimita 173 ga maza, 163 ga mata. Ana cike takardar nema ta intanet, a tantance mutum da takardunsa, ya zauna jarrabawa, likita ya duba shi, sannan a tura shi makarantar horo irin ta Pwalugu da ke kan hanyar Bolgatanga. Albashi kuwa tun 2010 aka sa 'yan sanda cikin tsarin bai-ɗaya na ma'aikatan gwamnati.

Wannan sharaɗi na farko shi ya fi ba 'ya'yan zango wahala, musamman na garuruwan iyaka, inda sunan Hausa kaɗai kan sa a ɗaga gira. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, a tsarin mulkin 1992 ba wurin haihuwa ake dubawa ba, ana duba ko ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Don haka takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta su zama suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, kuma duk gidan da ke da tsohuwar takardar sallama ko ta fansho ta kakan da ya yi aikin kaki, a adana ta da kyau. Masu cewa a kawo kuɗi su samar wa yaro gurbi kuwa, a tuna da abin da ya faru a farkon 2015, lokacin da ɗimbin matasa suka isa makarantun horon 'yan sanda da akwatunansu da takardun kira, bayan iyayensu sun biya maƙudan kuɗi, aka duba aka ce takardun na jabu ne, aka mayar da su gida.